Injin Ɗaya, Kwamfutoci Da Yawa: Mulkin Manyan Sabobin IBM Daga Baƙin Allo

A ɗakin sanyin da manyan bankuna da kamfanonin inshora ke ajiye injinansu, akwai sabar da mai kallo daga waje zai ɗauka kwamfuta ɗaya ce. A cikinta kuwa ana iya samun kwamfutoci goma, ko hamsin, ko fiye da ɗari, kowace da tsarin aikinta, AIX ko IBM i ko Linux, da nata kason furosesa da memori. Ɗaya na iya durƙushewa maƙwabciyarta ba ta ma ji ba. Kowane ɓangare irin wannan shi ake kira LPAR, kuma manhajar da ke tsare iyakokinsu, PowerVM, tana zaune ne a cikin injin ɗin kansa, ƙarƙashin duk wani tsarin aiki.

Dabarar ta daɗe. Tun ƙarshen shekarun 1960 IBM ke raba babbar kwamfuta da CP-67, sannan VM/370 a 1972, sai PR/SM a 1988. Sabobin AIX sun samu nasu rabon a 2001 da furosesar POWER4. A 2002, AIX 5.2 ya ba da damar ƙara wa ɓangare memori ko furosesa yana cikin aiki. POWER5 na 2004 ya sa ana iya ba ɓangare kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar furosesa guda, POWER6 na 2007 kuma ya kawo ɗauke ɓangare ɗungurungum daga wannan injin zuwa wancan ba tare da an kashe shi ba. Power10 na 2021 ya gaji wannan tsari gaba ɗaya.

A waɗannan sabobi, galibi daga wuri ɗaya ake yin rabon, wato HMC. Wata ƙaramar kwamfuta ce daban, ko ta ƙarfe ko ta manhaja, wadda ke magana da na'urar kula da lafiyar sabar, galibi ta keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa. Idan HMC ta mutu, ɓangarorin ba sa tsayawa, domin ba ita ke tafiyar da su ba. Abin da ake rasawa shi ne ikon taɓa su: ba ƙari, ba ragi, ba ƙirƙirar sabo. Shi ya sa wuraren da suka san ciwon kansu ke haɗa HMC biyu da kowace sabar.

HMC na da fuska biyu. Akwai ta burauza mai hotuna da maɓallai, akwai kuma layin umarni da ake shiga ta SSH. Ta burauza ba ta da laifi ga wanda zai duba abu ɗaya. Amma a ce maka ka kawo jerin ɓangarori 200 da ke kan sabobi takwas, da memorin kowanne, kafin a tashi aiki, nan za ka gane cewa danna-danna ba ta kai mutum gida. Umarnin da aka rubuta ana iya maimaita shi, a tura wa abokin aiki ya duba kafin a zartar, a adana shi a takardar neman izinin canji. Wannan a ganina ya fi muhimmanci a kan saurin da ake yawan yabon layin umarni da shi.

Wanda ya saba da Linux zai ji wurin a matse. Tsarin HMC daga Linux aka gina shi, amma an ɗaure shi tam. Ba ka da ikon root, ba ka yawo a manyan fayiloli yadda ka ga dama, ba ka sanya manhajarka. Hanyar shiga can ciki ta umarnin pesh ce, kuma sai da kalmar sirri ta ɗan lokaci da masu tallafi na IBM ke bayarwa. Don haka gogaggu ba sa zama a kan HMC su yi rubutu mai tsawo. Suna ajiye mabuɗin SSH da mkauthkeys, sai su riƙa aika umarni daga wata kwamfutar, su tattara amsar a can.

Sunayen umarnin na bin ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya fara da ls dubawa yake, ch canzawa, mk ƙirƙira, rm gogewa. Aikin safe yakan fara da lssyscfg -r sys -F name,state, wanda ke jero sabobin da halin da suke ciki. Wanda ya nuna Operating lafiya lau. Wanda ya nuna No Connection, HMC ce ta daina jin sa, ba lallai ya mutu ba. Daga nan sai lssyscfg -r lpar -m SABAR1 -F name,lpar_id,state domin ganin ɓangarorin cikinta. Wannan -F ɗin shi ne gishirin aikin. In babu shi, HMC za ta zubo maka dogon layi mai bayanai barkatai. In da shi, abin da ka nema kaɗai za ta bayar, a jere da waƙafi, yadda za a zuba shi kai tsaye a takardar lissafi.

Inda aikin ke cin mutane shi ne bambancin furofayil da halin da ɓangare ke ciki a yanzu. Furofayil rubutaccen tsari ne da ke faɗin mafi ƙarancin memori da furosesar da ɓangare zai iya tashi da su, da adadin da ake so, da iyakar da ba zai wuce ba. Ana karanta shi ne lokacin da aka kunna ɓangaren da shi. To, a ɗauka ƙarshen wata ya zo, ma'ajiyar bayanan asusu ta fara nishi, aka kira injiniya cikin dare. Ya rubuta chhwres -m SABAR1 -r mem -o a -p asusu01 -q 8192, nan take ɓangaren ya samu ƙarin gigabait takwas, kowa ya koma barci. Furofayil bai san an yi ba. Cinikin baki ne aka ƙulla ba a sa shi a takarda ba. Bayan wata huɗu aka kashe ɓangaren don gyara, aka tashe shi da tsohon furofayil, memorin ya koma yadda yake da, nishin ya dawo, kuma wanda ya yi ƙarin ƙila ya bar wurin. Maganin layi ɗaya ne, mksyscfg -r prof -m SABAR1 -o save -p asusu01 -n sunan furofayil, wanda ke kwafe halin yanzu zuwa rubuce. Sababbin HMC na da zaɓin daidaita su biyun da kansu, sai dai a tabbatar an kunna shi, kada a ɗauka.

Akwai kishiyar wannan. Wani zai gyara furofayil da chsyscfg, ya sake kunna AIX daga ciki, ya yi mamakin ganin babu abin da ya canza. Sake kunnawa daga ciki ba ya sa a karanta furofayil. Sai an kashe ɓangaren ya kai Not Activated, sannan a tashe shi da chsysstate -r lpar -o on tare da ambaton furofayil ɗin da -f. Haka kuma iyakar sama ba ta motsi yayin da ɓangare ke aiki. Wanda ya yi rowar ta ranar ƙirƙira, ranar matsi sai ya nemi izinin kashe sabis kafin ya ƙara ko megabait ɗaya a kanta.

Shi kansa chsyscfg yana da tarko a alamar daidai. Idan ɓangare na da katunan sadarwa na manhaja guda uku kana so ka ƙara na huɗu, += ake rubutawa. Ka rubuta = kawai, ka share ukun ka bar sabon shi kaɗai, kuma ba za ka sani ba sai ranar da aka tashi da furofayil ɗin. Saboda irin wannan ne ake gudanar da bkprofdata kafin kowane babban canji, domin a samu abin komawa.

Wani lokaci chhwres ɗin ma zai ƙi. Galibi matsalar RMC ce, hanyar da HMC ke magana da tsarin aikin da ke cikin ɓangaren ta tashar 657. Rage wa ɓangare memori yana aiki na buƙatar amincewar tsarin aikin, domin shi ya san abin da ya ajiye a ciki. A duba rmc_state da lssyscfg. In ba ya nuna active, ko dai katangar tsaro ta toshe tashar, ko an kwafi AIX daga wani ɓangare su biyun suka tashi da lambar shaida iri ɗaya. Umarnin recfgct na gyara na biyun, amma ba a sake shi a kan injin da ke cikin gungun PowerHA ba tare da bin matakan da IBM ta tsara ba, domin gungun ma da wannan lambar yake gane 'ya'yansa.

Idan ɓangare ya ƙi tashi gaba ɗaya, ba SSH ba komai, lsrefcode zai nuna lambar matakin da ya maƙale, mkvterm kuma zai buɗe maka allonsa kamar kana tsaye gaban injin. Mutum ɗaya kaɗai ke iya riƙe allon a lokaci guda, kuma ana fita ne da ~ da ɗigo. Wanda ya rufe tagarsa ya tafi gida bai fita ba, na bayansa sai ya kore shi da rmvterm.

Umarnin da ya fi cancanta a karanta sau biyu shi ne chsysstate. Da -r lpar ɓangare ɗaya yake taɓawa. Da -r sys da -o off, injin ɗin duka ne da duk abin da ke cikinsa. Ko a kan ɓangare ɗaya, osshutdown na roƙon tsarin aiki ya rufe kansa cikin natsuwa, shutdown da --immed kuwa yanke masa numfashi ne, ma'ajiyar bayanai na tsakiyar rubutu ko ba ta yi. HMC ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba.

Tana dai rubuta abin da aka yi. lssvcevents -t console na nuna wanda ya ba da umarni da lokacin da ya bayar. Amma a wurin da injiniyoyi shida ke shiga da asusun hscroot guda, wanda aka zo da HMC da shi, sunan da za a gani a kowane layi ɗaya ne. mkhmcusr na ba kowa asusunsa, a ba mai sa ido matsayin hmcviewer da ba ya iya canza komai, a bar hmcsuperadmin ga 'yan kaɗan ɗin da aka yarda su taɓa -r sys.