Zoben ido na roba: yadda ake dasa shi ga wanda idanunsa biyu suka lalace

Kunna kyamarar gaba ta wayarka, ka matso da idonka kusa. Za ka ga wani zobe ruwan ƙasa, a tsakiyarsa kuma ɗan baƙin ɗigo. Mu nan zoben namu yana da duhu sosai, shi ya sa muke haɗe su mu ce baƙin ido kawai. Amma abubuwa biyu ne. Ɗigon tsakiyar ƙofa ce da haske ke shiga, zoben kuma, wanda likitoci ke kira airis, tsoka ce mai buɗe ƙofar da tsuke ta. A cikin rana takan tsuke zuwa kusan milimita 2, a cikin duhu ta buɗe har wajen milimita 8.

Wanda ya rasa wannan zobe, haske na kwarara cikin idonsa ba kangi. Fitilar mota da dare takan zame masa azaba, rana ta hana shi buɗe ido, abin da yake gani kuma ya yi fari fat kamar hoton da haske ya ƙone. Wasu da haka aka haife su, saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna PAX6, kuma irin wannan yakan shafi idanu biyun ne. A Amurka ana samunsa a mutum 1 cikin 50,000 zuwa 100,000. Wasu kuma haɗari ne, ko fashewar wani abu, ko tiyatar da aka cire ƙari a ido.

Abin da ake dasawa

Wanda ya fi shahara shi ne CustomFlex, na kamfanin HumanOptics da ke Jamus. A watan Mayun 2018 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi, kuma shi ne zoben ido na roba na farko da ta taɓa amincewa da shi. Faifai ne siriri na silikon, faɗinsa milimita 12.8, da rami a tsakiya mai milimita 3.35. Bayansa baƙi ne wuluk don kada haske ya ratsa. Gabansa kuwa da hannu ake yi masa launi, na kowane mutum daban.

Idan ido ɗaya ne ya lalace, aikin da sauƙi: a ɗauki hoton lafiyayyen, a aika kamfani su kwaikwaya. To idan duka biyun ne fa? Babu abin kwaikwayo a fuskar. Sai a koma ga tsohon hoto na kafin haɗarin, in akwai mai kyau. Wanda aka haifa ba zoben kuwa, shi zai zaɓi hoton idon da yake so, wataƙila na mahaifiyarsa ko na ɗan'uwansa. Ka ga ke nan hoton da ke kwance a wayarka zai iya zama ma'aunin idon da za a ƙera maka, muddin ba ka shafe shi da filta ba.

Wajen tiyatar, likita zai yanke faifan daidai girman idon, ya naɗe shi kamar tabarma, ya tura ta 'yar ƙaramar tsaga ta kusan milimita 3, sannan ya warware shi a ciki. Sau da yawa ana haɗa aikin da cire yanar ido, sai a sa faifan cikin jakar da madubin ido yake zaune. Idan haɗari ya yaga jakar, sai a ɗinke shi a jikin farin ido; akwai samfurin da aka saƙa wa zare a ciki don ya riƙe ɗinki. Mai idanu biyu, a bisa al'ada ɗaya ake fara yi, a ga yadda ya warke kafin a taɓa ɗayan.

Inda ya gaza

Ramin nan ba ya motsi. Ko rana ko duhu, milimita 3.35 ne. Haka yawancin kyamarorin waya suke, ƙofar haskensu a kafe take. Samsung ta gwada mai sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4 a Galaxy S9, daga baya ta watsar. Waya tana cike giɓin da manhaja, shi kuwa mai zoben roba sai dai tabarau idan rana ta ƙwalle. Sannan faifan ba ya gyara abin da ya lalace can bayan ido ko a jijiyar gani, kuma waɗanda aka haifa da matsalar galibi suna da wannan ma.

Duk da haka sakamakon ba laifi. A gwajin da FDA ta duba, na mutum 389 manya da yara, fiye da kashi 70 cikin 100 sun ce ɗaukar ido da zafin haske sun ragu sosai, kashi 94 kuma sun gamsu da kamannin idon. Matsalolin da aka gani sun haɗa da hawan jinin ido, kumburi, da gocewar faifan har sai an sake shiga an gyara. Mai hawan jinin ido da ba a shawo kansa ba, ko mai juna biyu, ba a yi musu. Kafin ma a kai ga wuƙa, likitoci kan fara gwada lens na mannawa mai zanen zobe, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kada ka haɗa shi da na TikTok

Bidiyon masu sauya launin ido zuwa shuɗi ko toka wani abu ne daban. Nau'in da ake yi da dashe, irin su NewColorIris da aka fara a Panama da BrightOcular, ana ɗora roba ne a kan lafiyayyen zobe. Robar kan goge fatar gaban ido ta ciki, ta toshe hanyar da ruwan ido ke fita. FDA ba ta amince da su ba, ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ta yi gargaɗi a kansu. Akwai waɗanda aka cire musu robar aka tarar nasu zoben ya lalace, sai da aka dasa musu irin na CustomFlex a idanu biyun.