Parmi: a wurin kirno ake zufa

Mu ƴan kasuwa, kuɗin ɗaukar kaya ne ke tura mu oto-ekol. Duk buhun da aka ɗauko daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi sai an biya direba, riba na zurarewa a hanya.

Kod dai hadda ce, ko da yake faransanci na wahal da waɗanda ba su yi lakkol ba. Tashin hankalin yana wurin kirno: a shigar da mota da baya tsakanin sanduna, mai jarabawa na tsaye, jama'a na kallo. Hajiyar da ke ƙure dillali a ciniki sai ka ga ƙafarta na rawa bisa amburyaji, mota ta mutu. An taɓa sanda, an faɗi. Sai wani zagaye, da sabon kashe kuɗi, ranar kuma ba ciniki.