Ƙaramin Jirgin Sama Mai Igiya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san motar da yaranmu ke ƙerawa da kara ko da waya, suna tura ta cikin gari. To, a ƙasashe kamar Amurka, Faransa da Sin akwai masu ƙera ƙaramin jirgin sama mai inji da farfela, wanda ke tashi sosai. Ba ya ɗaukar kowa. Mai shi yana tsaye tsakiyar fili, yana riƙe da shi da siraran igiyoyi biyu, jirgin yana kewaya shi. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya yaɗa wasan, da jirginsa Fireball da ya fito a 1940.

Ƙaƙa ake tuƙa shi? Igiyoyin suna tashi daga mariƙin da ke hannun mutum, su shiga ta fiffiken hagu, su kama wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa bisa ƙusa. Daga ƙarfen nan waya guda ta tafi ga leɓen wutsiya. In ka karkato kan mariƙi wajenka, leɓen ya ɗaga, jirgi ya hau. In ka karkata shi gaba, jirgi ya sunkuya. Da wannan kaɗai gwanaye ke sa shi alkafura, ko tafiya a rigingine, ko ya zana lamba 8 cikin iska. A gasar ƙungiyar FAI ta duniya, sunan wannan fanni F2B, tsawon igiya kuwa metir 15 zuwa 21 da rabi. Ƙananan jirage masu ɗan inji irin Cox .049, su igiyar wajen metir 10 ta ishe su.

Da mi ake gina shi? Da wani icce da ake kira balsa, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Dangin rimi da kuka ne, ba shi da nauyi, kamar totuwar kara. Amma nan wuyar take. Jirgi mai nauyi ba ya alkafura, marar ƙwari kuwa faɗuwa ɗaya ta gama da shi. Saboda haka ba ko'ina ake ƙara wa ƙwari ba, sai wurare huɗu.

Na farko, hanci. Nan inji ke girgiza, nan kuma ke fara dukan ƙasa. Ka manna siririn katako mai hawa uku dama da hagu, daga hanci har ya wuce bakin fiffike.

Na biyu, fiffike. Ka duba yadda jijiyar icce ta kwanta, ta bi tsawon fiffike. In ta gitta, zai karye kamar busasshen kara. Ka sa sandar icce mai ƙarfi daga wannan baki zuwa wancan.

Na uku, mazaunin ƙarfen nan mai kusurwa uku. Dukan jan igiya nan yake ƙarewa. Kada ka kafa shi bisa balsa tsura, sai bisa katako mai tauri.

Na huɗu, fatar jirgi. Ka rufe icce da takarda marar kauri, ka shafa fenti wanda mai ba ya ci. In man inji ya jiƙa balsa, gam ba ya sake kama shi. Amma kada ka cika gam da fenti, su ma nauyi ne. Yau da yawa sun koma ga inji mai batir, sun huta da wannan.

In ka gama, ka ɗora jirgin bisa yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, kada ka tashe shi, ba zai ji maganarka ba. Ka ƙara ɗan nauyi a hanci. Ka kuma sa wani ɗan nauyi a bakin fiffiken dama, domin igiya ta zauna a miƙe. In ta saki, jirgi ya fita hannunka ke nan.

Saura gwaji. Wani ya riƙe jirgi, kai ka ja mariƙi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 10. Jirgi mai giram 200, jan kilo 2 ke nan. Gara igiya ta tsinke a hannunka da ta tsinke bisa kan yara masu kallo. Kuma ka nisanci wayoyin lantarki ƙwarai, domin igiyar ƙarfe in ta taɓa su tana kashe mai riƙe da ita. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Tambayoyi
1. Don mi ba a ƙara wa jirgi ƙwari ko'ina?
2. Jirgi mai giram 300, jan kilo nawa za a gwada shi da shi?