Ƙari a Jijiyar Kunne: Ji Za A Ceto Ko Fuska?



A zaman kwamitin lafiya na watan jiya, wata 'yar'uwarmu mai sayar da atamfa a Kejetia ta zo mana da babban ambulan, hoton kanta da takardar likita a ciki. Ta roƙi mu taya ta fahimtar abin da aka rubuta, domin shawarwarin 'yan gida sun rikita ta. Ta yarda mu ba da labarin don amfanin jama'a, da sharaɗin mu sakaya sunanta.

Shekarunta 54. Kusan shekara biyu ke nan ta lura duk sanda aka kira ta a waya sai ta mayar da wayar kunnen dama, saboda na hagu yana jin sauti amma ba ya tsintar kalmomi. Ga wata siririyar ƙara da ba ta yankewa, musamman in gari ya yi tsit bayan isha'i. An ɗiga mata mai, an wanke kunnen har sau biyu, an ce dauɗa ce, daga baya aka ce shekaru ne. Sai da ta fara tangaɗi a kan hanyar masallaci da asuba 'yarta ta kai ta wajen likitan kunne. Gwajin ji ya nuna kunne ɗaya ne ya ja baya, aka tura ta hoton MRI, hoton ya nuna ƙari mai tsawon santimita 1.4, kamar ƙwayar gyaɗa.

Likitoci na kiran irin wannan ƙari akustik niyuroma, wasu su ce bestibula shuwanoma. Abu na farko da muke so kowa ya riƙe: ba ciwon daji ba ne. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Yana tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiyar da ke taimaka wa mutum ya tsaya ba tare da jiri ba. Matsalar tana wurin da ya zauna. Daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan rami a cikin ƙashi, tsawonsa kusan santimita ɗaya, kuma ta nan jijiyar ji da jijiyar tsayuwa da jijiyar da ke motsa fuska suke wucewa a matse da juna. In ƙari ya girma a nan, sai ya danne maƙwabta. In ya fito daga ramin ya kai girman goro, yana iya danne tushen ƙwaƙwalwa ya toshe hanyar ruwanta, kuma a lokacin ne yake zama barazana ga rai.

Gidansu ya kasu biyu. Ɗanta da ke Amurka ya ce a nemi biza a yanke shi tun bai girma ba, shi zai tura kuɗi. Yayanta, wanda shi ne uba a gidan yanzu, ya ce muddin yana raye ba mai buɗe kan ƙanwarsa. Mun saurari dukansu, kuma kowanne na da kamshin gaskiya, sai dai babu wanda ya tambaye ta ita me take tsoron rasawa.

Ba kowane ƙari irin wannan ake yi wa tiyata ba. Yawanci a hankali yake girma, milimita 1 zuwa 2 a shekara, wasu ma su tsaya cik shekara da shekaru. Shi ya sa in ƙarami ne likita kan ce a jira, a sake hoto bayan wata 6, sannan duk shekara. Mutanenmu kan ɗauki wannan a matsayin likita ya rasa abin yi, alhali shi ma magani ne da aka yarda da shi a ko'ina, musamman ga dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari wanda doguwar tiyata za ta wahalar. Sai dai jira na da farashi: ji na iya ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai motsa ba, kuma wanda ya ji sauƙi ya daina zuwa hoto ya bar jira ya koma sakaci.

Akwai kuma gashi da haske, wanda aka fi sani da na'urar Gamma Knife. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, Lars Leksell, shi ya ƙirƙiro ta, aka fara aiki da ita a 1968. Duk da akwai kalmar wuƙa a sunanta, ba a yanka komai. Ana tattara haske daga kusurwoyi da yawa a kan ƙarin, galibi a zama ɗaya. Ba ta cire shi, tana hana shi girma ne, kuma a fiye da mutum 9 cikin 10 masu ƙaramin ƙari ana samun hakan. Ba ta dace da wanda ya haura kusan santimita 3 ba, ji kan ragu sannu a hankali a shekarun da ke biye, kuma hoto ba ya ƙarewa. Masu nemanta daga yankinmu galibi Masar ko Indiya ko Afirka ta Kudu suke nufa.

In magana ta kai ga tiyata, ƙofa uku likitoci ke bi, kuma kowace da abin da take ci.

Ta farko, wadda za ku ji an kira translabirintin, ana shiga ta ƙashin bayan kunne a ratsa ta cikin kunnen ciki. Likita William House na birnin Los Anjeles ne ya yaɗa ta a farkon shekarun 1960, lokacin da ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin. Alfanunta shi ne likita na ganin jijiyar fuska da wuri, ya kiyaye ta, kuma ba a cika taɓa ƙwaƙwalwa ba. Farashinta a fili yake: wannan kunnen ya daina ji ke nan har abada. Ga wanda jinsa ya riga ya tafi, ba asara ba ce. Ga mai sauran ji, asara ce da ba a dawo da ita.

Ta biyu, retrosigmoyid, ana buɗe ƙashin kai ta bayan kunne wajen ƙeya. Tana ɗaukar ƙarami da babba, kuma ita ce likitocin ƙwaƙwalwa suka fi sabawa da ita. Akwai damar a tsira da ji in ƙarin bai yi girma ba, amma wasu kan yi fama da ciwon kai na tsawon watanni bayanta. Ta uku, midil fosa, ta saman kunne ake shiga, kuma don ƙananan ƙari ne da ke cikin ramin ƙashin, ga mai ji mai kyau. Ita ce aka tsara don ceton ji, sai dai jijiyar fuska na kan hanyar likita kafin ya isa ƙarin, kuma ba kowace cibiya ke yinta ba.

A nan ne muke so mu daɗe. Tiyata ba ta dawo da jin da ya tafi. Iyakarta ta riƙe abin da ya rage, shi ma ba alƙawari ba ne. Ƙarar kunne ma sau da yawa tana nan bayan aiki. Don haka duk wanda ya shiga ɗakin tiyata da fatan zai fito yana jin kiran salla da kunne biyu kamar da, an bar shi cikin duhu ne. Abin da ake tsoro na gaske shi ne jijiyar fuska. In ta ji rauni, baki ya karkace, ruwa na zuba in ana sha, ido ya ƙi rufuwa, ya bushe, har ya iya yin gyambo in ba a kula ba. A wurin mutane da yawa raunin na warwarewa cikin watanni, a wasu kuma ya zauna. Mun san yadda zango yake: mace ta fito da karkataccen baki, kafin magariba an ce iska ce, ko jifa, ko shanyewar ɓarin jiki. Mai kunne ɗaya na ciniki a kasuwa ba wanda ya sani. Mai fuskar da ta faɗi kuwa sau da yawa shi ke ƙaurace wa biki da suna da kansa.

Saboda haka ne likitoci da yawa a yau, in suka tarar ƙarin ya manne da jijiyar fuska, suke barin ɗan ɓurɓushi a kai da gangan, daga baya a sa masa ido da hoto ko a gasa shi. In likita ya fito ya ce bai cire duka ba, kada dangi su ce aiki bai yi kyau ba. A ra'ayinmu, ɗan saura da ake bibiya ya fi fuskar da ta mutu. Sauran haɗurran su ne yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci ko ta wurin ɗinki, wanda kan jawo sanƙarau in an yi sake, da jiri mai ƙarfi a kwanakin farko, wanda ke raguwa in mutum ya daure ya dinga takawa.

Ga mu mazauna Gana, akwai sashen kunne da na tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye nan Kumasi da na Korle Bu a Ankara, kuma daga nan ya kamata a fara kafin a yi zancen jirgi. Batun kuɗi kuwa, kada a jingina da katin inshorar lafiya kaɗai. A jerin abubuwan da tsarin ya ware a gefe tun asali akwai tiyatar ƙwaƙwalwa wadda ba ta haɗari ba, da na'urar ji, da jinya a ƙasar waje. A je ofishinsu a tambayi halin da ake ciki yau, a karɓi ƙiyasin asibiti a rubuce, kafin a fara zagaya kwanon gudummawa a masallaci. Mai shirin fita waje kuma ya lissafa da masauki, da mai jinya, da wanda zai duba shi in ruwa ya fara ɗiga daga hanci bayan ya dawo gida. Dillalan asibitocin waje da ke turo farashi ta WhatsApp ba su cika faɗar wannan ba.

Ko a gida ko a waje, ba rashin kunya ba ne a tambayi likita sau nawa shi da abokan aikinsa suke yin irin wannan aiki a shekara, da yadda fuskokin majinyatansu suka kasance bayan shekara guda. A tambaya ko akwai na'urar da ke sa ido kan jijiyar fuska lokacin aiki, da ko likitan kunne da na ƙwaƙwalwa tare za su shiga. A tambaya kuma: in muka jira wata 6, me za mu rasa? A tafi da wanda ke jin Turanci sosai, amma a bar mai ciwon ya yi magana da bakinsa. Mun sha ganin dattijuwa na zaune a gefe ana yanke hukunci a kan kanta.

Jira ba na kowa ba ne. Wanda ke da ciwon kai mai tsanani da amai da safe, ko gani biyu-biyu, ko yawan barci, ko rabin fuska ya yi dundurus, ko tafiya ta gagara, asibiti zai nufa a ranar. Haka wanda kunne ɗaya ya toshe masa farat ɗaya: kada ya tsaya ɗiga mai, domin maganin irin wannan kurumta a kwanakin farko yake aiki.

Ita 'yar'uwar tamu, ta koma wajen likitanta tare da 'yarta da yayanta, ɗan na Amurka yana saurare ta waya. An tsayar za a sake hoto da gwajin ji bayan wata 6. In ƙarin bai motsa ba, a ci gaba da sa ido. In ya girma, za a zauna a zaɓa tsakanin gashi da tiyata, kuma ta faɗa a gabansu cewa in dole sai an sadaukar da ɗaya, a bar mata fuskarta. Kuɗin da ɗanta ya turo an ajiye su a banki ba a taɓa ba. A shago ta juya kujerarta yadda kunnen dama zai fuskanci masu saye, kuma in za ta tsallaka titin Aboabo sai ta tsaya ta duba hagu da dama sau biyu, domin mai kunne ɗaya ba ya gane ta inda hon ɗin babur yake fitowa. Ranar hotonta na gaba na rubuce a littafin kwamiti, kuma biyu daga cikinmu za su raka ta.