Idan Mai Ba da Kwangila Yana da Kamfani

Jama'a, sau da yawa mukan ji a rediyo an zargi wani babba na kusa da shugaban ƙasa da cin hanci. Zargi dai ba hukunci ba ne. Amma akwai wani abu da doka ta hana ko da ba a saci kwabo ba, wato mutum ya riƙe aikin hukuma alhali yana da wata riba tasa a cikin aikin.

Ga misali. A shekarar 2015 Shugaba Buhari ya naɗa Babachir Lawal Sakataren Gwamnatin Tarayya. Ofishinsa ne ke kula da shirin taimakon mutanen Arewa maso Gabas waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Shirin ya ba da kwangilar cire ciyawar da ke toshe hanyoyin ruwa a Jihar Yobe. A Disamba 2016 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya ce kamfanin Rholavision, wanda Lawal ya kafa, ya amfana da kwangilar. Shi kuwa ya ce ya riga ya bar kamfanin. An dakatar da shi a Afrilu 2017, aka sallame shi a Oktoba. Hukumar EFCC ta kai shi kotu a 2019, kotu kuma ta wanke shi a Nuwamba 2022.

To, me ya sa maganar ta yi nauyi haka? Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda son kansa zai ci karo da aikinsa. Ya hana shi gudanar da kasuwanci, sai noma kaɗai. Dalili kuwa, wanda zai zaɓi ɗan kwangila, ya yanke farashi, ya kuma duba ko aiki ya yi kyau, ba zai iya tsananta wa kamfaninsa ba. Ko ya yi gaskiya, zukatan mutane ba za su kwanta ba.

Wannan ka'ida ta shafi ƙungiyoyinmu na manoma. Idan za a sayi taki, ƙanen ma'aji kuwa yana sayar da taki, sai ma'aji ya faɗa a gaban taro, ya fita waje har a gama shawara. A nemi farashi daga wuri uku, magatakarda ya rubuta kome a littafi, a karanta wa 'yan ƙungiya. Yin haka yana tsare kuɗin jama'a, yana kuma tsare mutuncin ma'ajin kansa.