Takardun Kuɗin Masar: Shekarar 1940 da Sauran Jita-jita

A cikin kayan ɗaliban da suka dawo daga Azhar, ko a ƙasan adakar tsohon alhajin da ya bi ta Sudan zuwa Makka, akan tsinci takardun kuɗin Masar. Ba abin mamaki ba ne a same su wurin alhajin, domin har zuwa 1957 kuɗin Masar na cikin abin da ake ciniki da shi a Sudan. Da zarar an fito da irin wannan takarda sai zance ya tashi: ta haura shekara tamanin, a Turai ana sayen irinta da miliyoyi. Wasu maganganun gaskiya ne, da yawa kuma ba haka suke ba, kuma takardar da kanta tana raba gardama ga wanda ya tsaya ya karanta ta.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce ƙaramar takardar kirsh 5 ko kirsh 10 (kirsh ɗari ne ke yin fam ɗaya). A jikinta akwai 1940 ɓaro-ɓaro, sai mai ita ya rantse cewa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka buga ta. Abin da aka rubuta a wurin shi ne an fitar da ita bisa doka mai lamba 50 ta shekarar 1940. Shekarar dokar ce, ba ta takardar ba. Ma'aikatar Kuɗi ce ta riƙa fitar da waɗannan ƙananan takardu, ba banki ba, kuma ta ci gaba da buga su da wannan jimlar har cikin shekarun 1990. Ke nan takardar da aka buga lokacin Husni Mubarak da wadda aka buga lokacin Sarki Faruk duk 1940 ce a jikinsu.

Ga yadda ake gane shekarunta. A fara duba sunan ƙasar. Idan an ambaci gwamnatin sarauta, takardar ta zamanin sarakuna ce, wanda juyin mulkin 1952 ya kawo ƙarshensa. Idan an rubuta Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, tsakanin 1958 da 1971 ce, domin Masar ta riƙe wannan suna har bayan da Siriya ta fice a 1961. Jamhuriyar Larabawa ta Masar kuwa daga 1971 ne zuwa yau. Daga nan sai a duba sa hannun ministan kuɗi, wanda ke rage tazarar zuwa 'yan shekarun da ya yi a kujera. Hoto kaɗai ba ya isa; Nefertiti ta daɗe a kan kirsh 5, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa. Abin da ke damuna shi ne a wannan gaɓar ake cutar masu fara tara tsoffin kuɗi, su biya kuɗin kayan tarihi a kan takardar da aka buga da miliyoyi.

Maganar fam mai raƙuma gaskiya ce. Bankin Al-Ahli na Masar, wanda aka kafa a 1898, ya fitar da takardun kuɗi na farko ranar 3 ga Afrilu 1899, an buga su a Ingila, da sa hannun gwamnan bankin na farko, Elwin Palmer. Fam ɗaya na wannan zubin yana ɗauke da raƙuma biyu, kuma na ainihi yana da tsada sosai saboda kaɗan ne suka rage. Wannan tsadar ce ta sa kwafinsa ya cika rumfunan tsaraba da intanet. Wanda aka miƙo maka fes, a farashin cin abincin rana, kwafi ne. Na gaske bugun zane ne da aka sassaƙa a ƙarfe, layukansa siri-siri ne masu kaifi, na kwafi kuwa idan aka sa madubin ƙara girma sai a ga ɗige-ɗige.

Akwai kuma fam na 1926 mai hoton wani dattijo, wanda Misirawa ke kira fam ɗin Idris manomi. Ana ba da labarin cewa shi ne ya yi wa Fu'ad albishir ta hanyar mafarki cewa zai zama sarki, aka saka masa da wannan karramawa. Takardar da hoton tabbas ne. Mafarkin kuwa labarin baka ne mai daɗin ji, kuma ba shi ke yanke farashi ba.

Haka zancen cewa duk takarda mai hoton Faruk dukiya ce. An buga su da yawa, mutane kuma sun ɓoye su da yawa bayan faɗuwarsa. Abin da ke ɗaga kuɗin takarda shi ne ƙarancinta, sa hannun da ke kanta, da lafiyar jikinta. Sunan banki ma shaida ne: wadda ke ɗauke da sunan Al-Ahli ta riga 1961, shekarar da Babban Bankin Masar ya karɓi aikin fitar da kuɗi.

Wanda ya yi makarantar Islamiyya yana da sa'a a nan, domin da lambobin Larabci ake rubuta kwanan wata da lambar takarda. Wanda bai saba da su ba yakan ɗauki ٥ a matsayin sifiri alhali biyar ce, ya ɗauki ٦ a matsayin bakwai alhali shida ce; sifirin kansa ɗigo ne kawai. Daga nan ake samun masu cewa takardarsu tana da kuskuren bugu. A wasu takardun Babban Banki ma an dunƙule kwanan watan cikin lambobi shida, ta farko da ta ƙarshe su ne shekara, na tsakiya rana da wata. Sai a kula da kirsh 50 da fam 50, baƙi suna yawan rikita su. Kirsh 50 ita ce mai masallacin Azhar a gaba da Ramsis na Biyu a baya.

Wata magana da take kama da ƙarya amma gaskiya ce: akwai takardun zamani da suka fi 'yan'uwansu daraja saboda lambarsu kawai. Idan takarda ta lalace a wurin bugu, akan maye gurbinta da wata mai lambar zubi ta musamman, cikakkun ɗaruruwa kamar 200 ko 300 kusa da harafin da ke cikin lambar. Masu tarawa a Masar suna kiranta ihlal, kuma suna nemanta.

Sababbin jita-jita sun fi yawo a waya. Hotunan fam 500 da fam 1000 da ake turawa haɗi ne. Mafi girma ita ce fam 200, mai masallacin Ƙani-Bay, wadda ta fito a 2007. Da aka fitar da fam 10 na roba a 2022 da fam 20 a 2023, an yi ta cewa an soke na takarda, Babban Banki ya ce duka biyun suna aiki. Fam ɗaya na takarda ma an ce ya mutu bayan fitowar na ƙarfe, sai ga shi an sake buga shi a 2016.

Shawarar da na fi jin zafinta ita ce ta wanke tsohuwar takarda da goge ta don ta yi kyau. Ruwa da dutsen guga suna kashe tudun tawada da ƙarfin takardar, kuma gwanin saye yana ganewa da taɓawa ɗaya, ya rage kuɗin. A bar ta yadda aka same ta, a sa ta a leda mai tauri wadda aka yi don ajiyar kuɗi, nesa da rana da danshin damina, kuma kada a manna mata salatif ko da ta yage.