Neman Sanin Makamar Aiki A Ƙasashen Waje: Abin Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Ɗaure Kaya

A cikin watan Agusta na 1915 ba a san da irin wannan magana ba, amma shekara ɗari bayan haka, watau a watan Agusta na 2015, jaridun birnin Janiba na ƙasar Suwizalan sun buga hoton wani saurayi ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna David Hyde, yana tsaye cikin kwat a bakin wani ɗan tanti kusa da tafkin birnin. Shekarunsa 22 a lokacin. Ya sami gurbin koyon aiki a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ba a biyansa ko sisin kwabo, ga shi kuwa Janiba tana cikin birane mafi tsadar haya a duniya. Bai daɗe ba ya ajiye aikin. Daga baya ya amsa cewa da gangan ya sa labarin ya kai kunnen 'yan jarida don a san halin da masu koyon aiki ke ciki. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, tambayar da ya tayar tana nan a gaban duk ɗalibin da ke sha'awar ƙetare teku: wa zai ciyar da shi, kuma a ina zai kwana?

Shi dai koyon aiki ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Tun 1971 aka kafa hukumar ITF mai hedkwata a Jos, ita kuma ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda a ƙarƙashinsa ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha kan shafe wata huɗu ko shida a masana'antu da ofisoshi. Na ƙasashen waje ma haka yake, sai dai ƙofarsa ta fi ƙunci, kuma kuskure a cikinsa ya fi tsada.

Ƙofofin da aka sani ba su da yawa. Akwai ƙungiyar IAESTE, wadda aka kafa a Kwalejin Imperial ta Landan a 1948 don musayar ɗaliban injiniya da kimiyya. Tsarinta na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: ƙasa takan samo wa baƙi gurabe a masana'antunta, sa'an nan ta sami gurabe ga nata 'ya'yan a waje, kuma wanda ya ɗauki ɗalibi shi ke biyansa abin da zai ci ya biya haya. Akwai kuma shirin ABE na ƙasar Japan, wanda Firayim Minista Shinzo Abe ya bayyana a taron Yokohama na 2013, da niyyar kai matasan Afirka 1,000 cikin shekara biyar su yi digiri na biyu, su kuma koyi aiki a kamfanonin ƙasar. Hukumar JICA ce ke tafiyar da shi. A wajen hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, kowace da dokarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ba masu koyon aiki kuɗin guzuri a 2020, saboda haka wajibi ne mai nema ya karanta sharuɗɗan hukumar da yake nufi tun daga farko har ƙarshe, kada ya ɗauka abin da wata ke yi shi 'yar'uwarta ke yi.

Wanda yake son tafiya da damina, to, tun hunturun da ya gabata ya kamata ya fara shiri. Takardar neman gurbi ita ce fuskarsa a wurin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Yawancin ɗalibai kan ɓata ta da kirarin kai, da cewa su masu ƙwazo ne masu biyayya, alhali kuwa mai karanta ta ya ga irin waɗannan kalmomi sun fi a ƙirga. Abin da yake nema shi ne aikin da hannu ya taɓa yi: injin ban-ruwan da aka gyara, ko ƙididdigar da aka tattara a asibitin ƙauye, ko gwajin ƙasa da aka yi a gona. Haka nan malamin da zai rubuta takardar shaida, gara wanda ya san aikin ɗalibin ko da ƙaramin malami ne, da babban farfesa wanda bai san ko sunansa ba.

Bayan samun gurbi sai maganar takardu. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da baƙo zai fita, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuma kuɗin bizar gajeren zama ya koma Yuro 90 tun watan Yuni na 2024. Wannan biza ba ta wuce kwana 90, don haka mai zaman wata shida sai ya nemi ta dogon zama daga ƙasar da za shi. Katin rigakafin shawara kuwa ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allura.

Amma inda hatsarin ya fi yawa shi ne wurin tallar da ke zuwa wa matasa har cikin wayoyinsu. A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto a kan wani shiri mai suna Alabuga Start a yankin Tatarstan na ƙasar Rasha. An yi ta jawo 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, da alkawarin tikitin jirgi kyauta, da albashi, da koyon sana'o'i irin su aikin otal da dafa abinci. Da suka isa, sai da dama daga cikinsu suka tarar da kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa da ake kai hari da su a Yukren. Waɗanda suka yi magana sun koka da dogayen sa'o'in aiki, da sa ido dare da rana, da magungunan da ke cin fata, da yanke albashi da sunan kuɗin masauki da na tafiya. A watan Afrilu na wannan shekarar ma an kai wa wurin hari, har aka raunata mutane a gidan kwanan ɗalibai. Iyayen da suka yi wa 'ya'yansu addu'ar tafiya koyon girki ba su san bakin wuta suka tura su ba.

Saboda haka ne ya kyautu uba ko wa ya nemi ganin takardar yarjejeniya da idonsa kafin a sayar da gona ko saniya. A ciki a ga sunan wurin aiki, da irin aikin, da sa'o'insa, da abin da za a biya, da wanda zai ɗauki nauyin komowa gida. A tambayi ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja ko sun san shirin, a kuma tambayi ofishin SIWES na makarantar ɗalibin ko za su lissafa masa wannan zama cikin karatunsa. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi ya sayar da gurbi, ko ya ce zai riƙe fasfo idan an isa, to, a rabu da shi tun da wuri.

Ranar tafiya ɗalibi ya bar wa na gida kwafin fasfonsa da na yarjejeniyar da adireshin masaukinsa, ya riƙe guzurin da zai kai shi ƙarshen watan farko, domin albashi ba ya fita sai wata ya mutu. In ya sauka kuma, ya sanar da ofishin jakadancin Nijeriya mafi kusa cewa ya iso.